Ƙarfi Iri-Iri Ne: Kalmomin Latin a Jikin Kwalin Magani da Takardar Iyaka

Wannan jawabi an gabatar da shi ne a filinmu na harsuna na daren Laraba. Mai jawabin tsohon malamin makaranta ne da ya daɗe yana koyar da Faransanci. Mun rubuto shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara, saboda masu sauraro da dama sun nemi su ga kalmomin da idonsu.

Ina gaida na ruga da na mashekari. Ina gaida waɗanda dare ya riska a bakin iyaka suna jiran a buga musu hatimi, da direbobin da ke kwance a gindin mota da rediyo kusa da kunne. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Yau zancenmu a kan harshen Latin ne. Na san wani zai ce, Malam, ina ruwan biri da gada? Mu da ke fama da tsadar dusa da kuɗin fito, me ya haɗa mu da harshen da babu uwar da ke rarrashin ɗanta da shi a duniya? To ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

Kwanakin baya ina zaune a shagon wani mai sayar da magani a wata kasuwar kan iyaka, sai ga wani saurayi ya shigo da tsohon kwali a hannu. Ya ce a ba shi irin wannan, amma mai forte, don an gaya masa shi ne na asali, wancan jabu ne. Mai shagon ya ce, wa za a ba? Ya ce ɗiyarsa, shekararta huɗu. Mai shagon ya mayar da kwalin ya ce, ɗan'uwa, wannan ba sunan kamfani ba ne, kuma ba shaidar inganci ba ce. Ƙwaya ɗaya ta wannan daidai take da biyu na wancan. Ka kai yarinyar asibiti a auna ta tukuna.

Allah ya saka wa wannan mai shago. Amma shaguna nawa ne za a miƙo maka kawai a karɓi kuɗi? Wannan kalma mai harafi biyar Latin ce, ma'anarta mai ƙarfi. Tana da 'yan'uwa a jikin takardunku, da kwalaben allurar shanunku, da yarjejeniyar da kuke sa wa hannu. Yau za mu san su ɗaya bayan ɗaya.

Daga ina Latin ya fito?

Latin harshen mutanen birnin Rum ne, a ƙasar da ake kira Italiya yanzu. Rumawa sun kafa daula mai faɗi da ta kewaye tekun Bahar Rum, har da arewacin Afirka. Ɓangaren yamma na daular ya faɗi a shekarar 476, amma harshen bai bi ta kabari ba. A bakin talakawa ya yi ta sauyawa har ya haifi Faransanci, da Italiyanci, da Sifaniyanci, da harshen Fotugal, da na Romaniya. Ingilishi ba ɗansa ba ne, amma ya sha nononsa, musamman bayan shekarar 1066, lokacin da Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi. Shi ya sa in ka riƙe takardar Nijar ko Kamaru ko Chadi a hannun dama, ta Najeriya ko Gana a hannun hagu, za ka ga kalmomi masu kama da juna. Kakansu ɗaya.

Rumawan farko kuwa manoma ne da makiyaya. Dabbobin kiwo suna ce musu pecus, daga nan suka samo sunan kuɗi, pecunia. Mu ma in Bahaushe ya ce dukiya ta tafi kiwo, kowa ya san abin da yake nufi. Bafulatani kuma jawdi yake cewa, ko shanu ko arziki. Kun ga ashe ba baƙi ba ne sosai.

Wajen furuci, ku riƙe abu biyu. A tsohon Latin harafin v kamar w ake faɗarsa, harafin c kuma kullum k ne. Saniya ana rubuta ta vacca, a karanta wakka. Bijimi taurus. Makiyayi pastor.

Kalmomi biyar, ƙarfi biyar

Mu Hausawa mun san ƙarfi ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙarfin damtse, akwai ƙarfin zuciya, akwai ƙwari, akwai ƙarko, akwai iko. Jaki yana da ƙarfi amma ba shi da iko. Hakimi tsoho yana da iko ko da ba ya iya ɗaga buhu. Rumawa ma haka suka rarrabe.

Ta farko fortis. Ita ce mai ƙarfi kuma jarumi, wanda ba ya gudu. Daga ita Faransanci ya sami fort da force, Ingilishi ma ya ara. Ganuwar soja ma fort ake ce mata, wato wuri mai ƙarfi. Dattawan da suka yi fatauci zuwa Chadi sun san Injamena da sunan Fort-Lamy. Faransawa suka kafa ta a 1900, suka sa mata sunan kwamandansu da ya mutu a yaƙin Kusuri, ranar da aka kashe Rabe. Sai a 1973 aka sauya sunan. Kusuri kanta an taɓa kiranta Fort-Foureau.

Ta biyu validus, ku ce walidus. Tushenta aikatau ne, valere, wato mutum ya kasance da ƙoshin lafiya. In Barume zai yi sallama da abokinsa sai ya ce vale, kamar mu ce a zauna lafiya. Daga baya masu shari'a suka ɗauki kalmar suka ɗora wa takarda. Takarda mai lafiya ita ce wadda doka ta yarda da ita. Shi ne valid a Ingilishi, valide ko valable a Faransanci, validité kuma wa'adin aikinta. Kalmar darajar kaya da ma'aikacin kwastan ko duwan ke rubutawa, valeur ko value, ita ma daga wannan gida ta fito.

Ta uku firmus, tsayayye, wanda ba ya girgiza, kamar turken da aka kafa da kyau. In an ce maka an yi confirmer ko confirm na kuɗin da aka turo, ma'ana magana ta kafu, ba sauran kokwanto.

Ta huɗu robustus. Wannan tana da daɗin labari. Robur sunan wani icce ne mai taurin tsiya a ƙasarsu, wanda ake sassaƙa jiragen ruwa da shi. Ku ɗauka kamar ƙirya a wajenmu, wadda ake turmi da ita, maƙera kuma ke son gawayinta. To robustus shi ne mai jiki kamar ƙirya, mai jure wahala. Masu safarar kofi daga Kamaru sun san irin da ake kira robusta. An sa masa sunan ne don ya fi ɗan'uwansa arabica jure zafi da cuta.

Ta biyar potens, mai iko, mai iyawa. Tushenta posse, wato iya. A takardun magani in kun ga potency, ana nufin yawan aikin da maganin ke iya yi a jiki. Allurar rigakafi da aka bari a rana ikonta ya tafi, ko da kwalbar cike take. Shi ya sa yawancinsu ake ajiye su a sanyi, tsakanin awo 2 zuwa 8 na ma'aunin zafi. In mai allura ya zo rugarku da kwalabe a aljihun riga, babu akwatin ƙanƙara, kuna da dalilin tambaya.

Akwai kuma ɗan ƙaramin ɗafa-goshi da ke juya magana, shi ne in ko im a farkon kalma. Firmus tsayayye, infirmus rarrauna, marar lafiya. Daga nan aka sami infirmier, ma'aikacin jinya da mutanen Nijar da Kamaru suka sani. Validus mai aiki, invalidus marar aiki. Saboda haka in jami'i ya duba takardarka ya ce invalide, harafi biyu ne kawai suka raba ka da wucewa. Ku koya wa idonku neman su.

Sifa tana bin suna kamar maraƙi da uwarsa

Yanzu mu shiga nahawu. Kada kowa ya kashe rediyo, don abin da zan faɗa kun riga kun iya shi, sunansa ne kawai ba ku saba ji ba.

Duk kalmomin nan biyar sifofi ne, wato kalmomin da ke bayyana yadda abu yake. A Hausa muna cewa farin sa, farar saniya, fararen shanu. Sifa ɗaya ce, amma ta sauya riga sau uku don ta dace da mai ita: namiji, mace, jam'i. Babu yaron da zai ce farin saniya ba a yi masa dariya ba.

'Yan'uwana Fulani ma sun fi mu wahala a nan, don rukunan sunayensu sun haura 20. Suna cewa ngaari mawndi, babban bijimi. Nagge mawnge, babbar saniya. Na'i mawɗi, manyan shanu. Saiwar ɗaya, wutsiyar ce ke sauyawa. To duk wanda ya iya wannan tun yana goye, Latin ba zai ba shi tsoro ba.

Latin jinsi uku gare shi: namiji, mace, da na uku wanda ba namiji ba mace, mu kira shi ɗan ba-ruwanmu. Kalmar animal, wato dabba, tana cikin na ukun. Sifofinsu kuma gida biyu ne.

Gida na farko kowane jinsi da tasa wutsiya: us ga namiji, a ga mace, um ga ɗan ba-ruwanmu. Taurus validus, lafiyayyen bijimi. Vacca valida, lafiyayyar saniya. Animal validum, lafiyayyar dabba. Firmus, firma, firmum. Robustus, robusta, robustum. Yanzu kun gane dalilin da ya sa kofi ya zama robusta ba robustus ba. Sunan iccensa a Latin, Coffea, mace ce. A jam'i kuma tauri validi, vaccae validae, animalia valida.

Gida na biyu ya fi rowa. A nan fortis take. Namiji da mace riga ɗaya suke sawa: taurus fortis, vacca fortis. Ɗan ba-ruwanmu ne kaɗai ya sami tasa: animal forte. Kun ji ta? Ga forte ɗinmu ta fito. Magani a Latin medicamentum ne, ɗan jinsi na uku, don haka magani mai ƙarfi shi ne medicamentum forte. Aka yar da sunan, sifar ta zauna a jikin kwali har yau. Jam'insu tauri fortes, vaccae fortes, animalia fortia.

A cikin wannan gida akwai waɗanda suka fi kowa rowa, riga ɗaya tak ga jinsi ukun in suna tilo a matsayin mai aiki. Potens na cikinsu: taurus potens, vacca potens, animal potens. Haka ferox, mai zafin kai, irin bijimin da ba ya barin baƙo ya matso garke. Haka vivax, mai kuzari, mai taurin rai. Ku riƙe wannan ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Wa ke da ƙarfin, makiyayi ko bijimi?

Ga inda Latin ya bambanta da Hausa, ya yi kama da Larabci. Wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ƙarshen kalma yana sauyawa da aikinta a cikin jimla: rajulun ƙawiyyun, rajulan ƙawiyyan, rajulin ƙawiyyin. Rufu'a, fataha, kisira, kuma sifa tana bin sunanta duk inda ya juya. Larabci hali uku gare shi. Latin shida.

Ba zan lissafa muku shidan ba, uku sun ishe mu. In bijimi ne ke aikin, taurus fortis. In a kansa aikin ya faɗa, taurum fortem. In abu nasa ne, tauri fortis, kamar cornua tauri fortis, ƙahonin ƙaƙƙarfan bijimi.

To ku saurari jimla biyu. Ta ɗaya: pastor fortis taurum ducit. Ta biyu: pastor fortem taurum ducit. Kalma huɗu huɗu, jeri ɗaya, ducit kuma yana ja ko yana jagora. A ta farko fortis ta dace da pastor, ma'ana ƙaƙƙarfan makiyayi yana jan bijimi. A ta biyu fortem ta dace da taurum, ma'ana makiyayi yana jan ƙaƙƙarfan bijimi. Kalmar ba ta gusa daga wurinta ba, amma ƙarfin ya tashi daga mutum ya koma kan dabba.

A Hausa wurin zaman kalma ne ke gaya mana wa ya yi wa wani. Kura ta kama akuya daban, akuya ta kama kura daban. A Latin wutsiya ce ke faɗa, ko ina aka ajiye kalmar. Kamar garke ne da ya cakuɗe a mashaya. Ba tsayuwar maraƙi kusa da wata saniya ke nuna ita ce uwarsa ba, makiyayi kama da shaida yake dubawa. Darasin da ke ciki ya wuce Latin: a takarda, ƙarshen kalma da ƙarshen layi ba abin tsallakewa ba ne.

Wane ya fi wane

Mu in za mu gwada abu biyu, aikatau muke ɗaukowa, mu ce bijimi ya fi saniya ƙarfi. Latin wutsiya yake ƙarawa. Fortis mai ƙarfi. Fortior wanda ya fi ƙarfi, namiji ko mace, ɗan ba-ruwanmu kuma fortius. Fortissimus wanda ya fi kowa, macensa fortissima, na uku fortissimum. Taurus fortior est quam vacca, bijimi ya fi saniya ƙarfi. Haka validior da validissimus, potentior da potentissimus.

Masu kallon wasannin Olamfik sun taɓa ganin takensu: Citius, Altius, Fortius, wato a ƙara sauri, a ƙara tsawo, a ƙara ƙarfi. Tun 1894 suke da shi. A 2021 suka ƙara kalma ta huɗu, Communiter, ma'ana tare. Sun daɗe kafin su gano abin da kakanninmu suka faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Akwai 'yan tawaye da ba sa bin wannan ƙa'ida. Babbansu magnus, babba. Ba a cewa magnior, sai maior, wanda ya fi girma, sannan maximus, mafi girma duka. In kun ga max a jikin mota ko sikeli ko takardar magani, gutsuren maximum ne, iyakar da ba a wucewa.

Maior kuwa ta shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Masu shari'ar Rum suna da abin da suke kira vis maior, ƙarfin da ya fi. Faransanci ya mayar da shi force majeure, Ingilishi kuma ya ɗauke shi haka ba sauyi. A Hausa fin ƙarfi ke nan. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A yarjejeniyar dakon kaya ko ta kai kaya kan lokaci, wannan sakin layi shi ke faɗin abin da zai faru in ambaliya ta cinye gada, ko yaƙi ya tare hanya, ko hukuma ta rufe iyaka. Ba mu manta ba, Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Mutane nawa suka karɓi kuɗin kaya, kayan suka maƙale a wancan ƙetare, aminci na shekaru ya lalace a kan wa zai ɗauki asara?

A tsarin shari'ar da ya samo asali daga Faransa, kafin a karɓi abu a matsayin fin ƙarfi ana duba sharuɗɗa uku: ba daga gare ka ya fito ba, ba a iya hango shi lokacin ƙulla magana ba, kuma ba yadda za a yi a kauce masa. Lalacewar tsohuwar motar da ka san tana ciwo da wuya ta shiga ciki. Shawarata, duk takardar da za ka sa wa hannu, ka sa a nemo maka wannan wuri, a karanta, a fassara maka da Hausa ko Fulatanci a gaban shaidu. In cinikin baki ne, ku faɗe shi da baki tun kafin mota ta tashi.

Sunayen cuta da na ciyawa

Abu na gaba na masu kiwo ne. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita tsarin ba kowane tsiro da kowace dabba suna biyu na Latin, na tsirrai a 1753, na dabbobi a 1758. Na farko sunan dangi, na biyu sau da yawa sifa ce. Amfaninsa shi ne likitan dabbobi na Maraɗi da na Katsina da na Garwa, ko ba sa jin harshen juna, suna ɗaya suke rubutawa.

Sammore, wadda ƙudan tsando ke kawowa, ƙwayoyinta iri-iri ne. Akwai Trypanosoma vivax. Kun tuna vivax, mai kuzari? Wani likita Bajamushe da ya yi aiki a Kamaru ya sa mata sunan a 1905, saboda in an duba jini a madubin likita sai a ga tana tsere kamar an kore ta. Sunan ya dace da ita ta wata fuskar ma, don ba ta dogara da tsando kaɗai ba. Ƙudaje masu cizo irin su bobuwa kan ɗauke ta daga dabba zuwa dabba, shi ya sa akan same ta har inda babu tsando. 'Yar'uwarta kuma Trypanosoma congolense, ta Kwango. Ku lura da e ɗin ƙarshe, irin na forte ne, don sunan dangin ɗan jinsi na uku ne. Maɗaci kuwa Khaya senegalensis ne, da is irin na fortis, don Khaya mace ce.

Tsutsar hanta da shanu ke ɗauka a fadama, wadda ta fi yawa a ƙasashenmu, Fasciola gigantica ce, wato ƙatuwa. Akwai kuma wata doguwar ciyawar kiwo da aka daɗe ana kira Panicum maximum. A 2003 masana suka mayar da ita wani dangi mai sunan namiji, sai ta koma Megathyrsus maximus. Ciyawar ba ta sauya ba, saniya ba ta ji bambanci ba, amma sifa ta bi sabon mai gidanta, um ya koma us.

Abin da za a tafi da shi

Na farko, forte ba ta nufin mai kyau, ba ta nufin na asali. Tana nufin an ƙara yawan sinadarin. Misali maganin cotrimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin ko Bactrim: ƙwayar da aka saba miligiram 480 ce, mai forte kuwa 960. Ninki biyu. Wanda aka ce ya sha biyu na farko, ya je ya sha biyu na biyun, ya sha huɗu ke nan bai sani ba. Kishiyarta a wasu magungunan Turai ita ce mite, mai sauƙi.

Na biyu, a maganin dabbobi lamba ita ce gaskiya. Allurar oxytetracycline akwai mai kashi 5 cikin 100, akwai mai 10, akwai mai 20. Ƙwayar tsutsa ta albendazole akwai mai miligiram 300 ta tumaki da awaki, akwai mai 2500 ta manyan shanu. Mai yin jabu ya iya buga forte da hoton ƙaton bijimi a jikin kwali, tawada ba ta da tsada. Ku duba lamba, ku duba ranar ƙarewar aiki, ku duba lambar rajista, a Najeriya ta NAFDAC. Ku tambayi malamin dabbobi nauyin da ya dace, da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Magani kaɗan ba ya kashe cuta, sai ya koya mata jurewa. Mai yawa kuma yakan kashe dabbar.

Na uku, takarda ma tana da rai da ajali. Takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ƙungiyar ECOWAS ko CEDEAO ta tsara a 1998, tana ɗauke da yawan garke, da rigakafin da aka yi, da hanyar da za a bi, da mashigar da za a ƙetare. Ko wace hukuma ce ta ba ku takarda, kafin ku bar gida ku nemi inda aka rubuta valable jusqu'au ko valid until, ku sa a karanta muku ranar da ke gabansa. Gara ka sani a gida da ka sani a shinge da shanu 80 a bayanka suna jin ƙishirwa.

Wani mai sauraro da ke fataucin albasa ya aiko da tambaya, ya ce katinsa na rigakafin shawara ya haura shekara 10, ko ya mutu? Amsa ita ce, a dokar Hukumar Lafiya ta Duniya katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun watan Yulin 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rai, ko da tsohon kati ne aka rubuta masa wa'adi. Ka adana shi kada ruwa ya taɓa shi, Alhaji, ka nuna shi da ladabi.

Wata baiwar Allah kuma ta ce ɗanta na makaranta ya tambaye ta ko harshen da ya mutu yana da amfani. Hajiya, ki ce masa ya ɗauko kwalin magani ɗaya da takardar haihuwarsa, ya ƙirga jikokin Latin da ke ciki, sannan ya zo mu yi magana.

Lokaci ya yi halinsa. Mu maimaita su sau ɗaya tare: fortis jarumi, validus lafiyayye, firmus tsayayye, robustus mai ƙwari, potens mai iko. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, matambayi ba ya ɓata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba gajerun haruffan da likitoci ke rubutawa a takardar magani, waɗanda ke nuna sau nawa za a sha a yini.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare garke, ya buɗa kasuwa. Kamar yadda Barume zai ce wa jama'a, valete. Mu kuwa mu ce, a kwana lafiya.